Bikin Kwana 100 a Makaranta: Tambayoyin Malaman Ƙananan Azuzuwa da Iyaye

Tun shekarar da na fara wannan abu da 'yan aji ɗaya, tambayoyin ba su canja ba. Abokan aiki su yi su a ofishin malamai, iyaye su tare ni da su a bakin ƙofa lokacin tashi, hedimasta ma da nasa. Ga su nan na haɗa wuri guda, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai wanda ya riga ya gwada yake yin su.

Mene ne bikin kwana 100?

Rana ce da aji ke warewa idan yara sun cika kwana 100 suna zuwa makaranta a cikin shekarar karatu. Tun ranar da aka dawo daga dogon hutu ake soma ƙirga, kullum da safe a ƙara tsinke ɗaya a gwangwani. Ran da aka kai 100 sai a jingine jadawalin da aka saba, a wuni ana juya lambar nan: a ƙirga ta, a kasa ta, a jera ta, a auna ta, a taka ta da ƙafa.

Kalmar biki kan sa mutane su zaci za a kafa rumfa a yi anko. Darasin lissafi ne kawai wanda aka yi wata biyar ana tara masa kaya, shi ya sa yara ke ɗokinsa kamar jajibirin salla.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga makarantun Amurka. Ana danganta farkonsa da wata malamar ƙananan yara a jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1970, daga nan malamai suka yi ta kwaikwayon juna har ya zama al'ada a azuzuwan nazare da aji ɗaya a faɗin ƙasar. Yawancin jihohinsu suna da kwanakin karatu wajen 180 a shekara, suna kuma komawa makaranta a watan Agusta ko farkon Satumba. Don haka rana ta 100 takan faɗo musu tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, cikin tsananin sanyi, lokacin da yara da malamai duk sun gaji suna neman abin da zai motsa su. Akwai kuma dalilin manhaja: a tsarin Common Core da jihohi da dama ke bi, ana son yaro ya iya ƙirga zuwa 100, ɗaya-ɗaya da kuma goma-goma, kafin ya shiga aji ɗaya.

A Faransa ma malaman ajin farko na firamare da yawa suna yin irinsa, kullum su ƙara tsinke ɗaya har rana ta 100.

Kwanakin kalanda ake ƙirgawa ko na zuwa aji?

Na zuwa aji kaɗai. Asabar da Lahadi ba sa ciki, haka ranar 1 ga Oktoba, hutun Maulidi, hutun rabin zango, da duk ranar da aka rufe makaranta saboda yajin aiki, zaɓe ko wani dalili. Ranar da aka buɗe rajista aka kira suna, ta shiga lissafi. Wadda ba a buɗe ba, ba ta shiga ba. Inda ake zuwa kwana 5 a mako, kwana 100 mako 20 ke nan cif.

Yaron da ya yi fashi fa? Ƙirgar ta aji ce gaba ɗaya. Wanda zazzaɓi ya kwantar mako guda, idan ya dawo ya tarar an ƙara tsinke 5, sai a miƙa masa su ya ƙirga da hannunsa, ya ga abin da ya wuce shi.

A wurinmu yaushe ranar za ta kama?

Makarantar da ta koma a tsakiyar Satumba takan samu kwana 60 ko kusa da haka kafin hutun Disamba. Saura 40, wato mako 8 daga dawowar Janairu, sai ranar ta kama ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. A Nijar, inda aka saba komawa a Oktoba, takan ɗan ƙara gaba. Kada dai a sa rana tun daga nesa har a aika wa iyaye takarda, domin hutu guda na ba-zata ya isa ya ture ta. Ni sai mun kai rana ta 90 nake sanarwa. Idan ta ci karo da watan Ramadan, akwai amsa kan haka can ƙasa.

Me ya sa 100, ba 50 ko 60 ba?

Domin a 100 ne tsarin lambobi ke maimaita dabararsa karo na biyu. A 10, ɗaiɗai guda goma suka haɗu suka zama abu ɗaya. A 100, gomomi goma ne suka haɗu suka zama abu ɗaya, lamba ta buɗe gida na uku. Yaron da ya ga wannan da idonsa sau biyu ya kama hanyar 1,000 tun ba a kai shi ba.

Ga shi kuma lambar tana kewaye da shi. Takardar naira 100 mai hoton Awolowo da ake aikensa da ita shago, maki 100 na jarrabawa, santimita 100 a mita ɗaya, kobo 100 a naira ɗaya (ko da yake yaran yanzu ba su taɓa riƙe kobo ba). Tasbihin bayan salla ma 33 ne sau uku a cike da ɗaya. Ba laifi a ɗan yi wani abu a rana ta 50, a ce mun yi rabi, amma a bar babbar rana inda take.

Ɗana ya riga ya iya ƙirga 1 zuwa 100 da ka. Me kuma zai ƙaru da shi?

Wannan ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma saboda ita ake duk wannan ɗawainiya. Jero sunayen lambobi daban, sanin yawan abu daban. Yaro yakan haddace 1 zuwa 100 kamar yadda yake haddace tallar rediyo, daɗin sautin ne ya kama shi.

Wata shekara ina da yarinya wadda idan ta miƙe ta fara "wan, tu, tiri" ba ta tsayawa sai ta dire a ƙarshe, 'yan aji su tafa mata. Ran nan na zube murafun kwalba a kan tebur na ce ta ba ni 13. Ta sa yatsa tana taɓawa, baki na gudu yatsa na rarrafe, bakin ya kai 13 alhali yatsan na kan murfi na 8. Ta turo mini su tana murmushi. Na ce, "To, 'yata, nawa ne nan?" Sai ta sake farawa daga ɗaya. Ba ta san cewa lambar ƙarshe da ta faɗa ita ce amsar ba.

Abin da ya rage mata shi ne abin da ƙirgar kullum ke ginawa: kowane abu suna ɗaya yake samu, ba a tsallake wani ba a kuma taɓa wani sau biyu, lamba ta ƙarshe ita ce yawan tarin, yawan kuma ba ya ƙaruwa don an baza kayan a faɗin tabarma. Ku gwada a gida yau da dare. Ku jera dabino 6 a matse, wasu 6 a warwatse, ku tambayi ɗan shekara 5 wanne ya fi yawa.

Yaya ake yin ƙirgar ta kullum?

A samu gwangwani 3, na madara ko na tumatir, a jera su a gefen allo. Na dama a rubuta masa "ɗaiɗai", na tsakiya "gomomi", na hagu "ɗari". Kowace safiya bayan kiran suna, yaro ɗaya (bi da bi, har da mai kunyar nan na bayan aji) ya ɗauki tsinken tsintsiya ɗaya ya jefa a gwangwanin dama. A zazzage, aji ya ƙirga da ƙarfi, a rubuta lambar ranar a allo. Gwangwanin doka ɗaya gare shi: ba ya riƙe 10. Ran da tsinke na goma ya shiga, sai a kwashe su duka a ɗaure da zare, ya zama dami ɗaya, ya koma gwangwanin tsakiya. Minti 5 ya wadatar.

Ana cikin haka za ku ga abin da alli kaɗai ba ya iya koyarwa. A rana ta 34 akwai dami 3 da tsinke 4. Yaron da ya saba juya lamba ya rubuta 43, sai a ce ya tashi ya leƙa gwangwani ya gani ko dami 4 ne a ciki. A rana ta 40 gwangwanin dama fanko ne, a nan sifiri ke samun ma'ana: ɗaki ne da ba kowa a ciki, amma dole a nuna yana nan. A ajinmu irin waɗannan ranaku sunansu "ranar dami". Tun saura kwana 3 yara ke ƙirgo su, ana gardamar wanda zai ɗaure.

Rana ta 99 dami 9 ne da tsinke 9, gwangwani biyu duk sun cika taf. Washegari tsinke ɗaya tak za a ƙara, sai komai ya motsa: ɗaiɗai suka cika goma aka ɗaure, damin ya shiga tsakiya, nan ma suka cika goma, aka haɗe su da igiya suka zama ƙaton dami guda, ya koma gwangwanin hagu wanda ya yi wata biyar yana zaune ba kowa. A allo: 1, 0, 0. Wannan ɗaurin shi ne bikin, sauran duk 'yan rakiya ne. Malam, Malama, don Allah kada ku ɗaure da hannunku. Ku bar yara su yi, ko da zaren zai kwance sau uku.

Mun makara, ga shi muna zango na biyu ba mu fara ƙirga ba. Mu haƙura sai baɗi?

A'a. Ku ɗauko rajista ku ƙirga ranakun da aka kira suna. A ce 67 ne. Ku kawo tsinke 67 ku zube, yara su ɗaure dami 6 su ga 7 sun rage, daga gobe a ci gaba yadda aka bayyana a amsar da ta gabata. Wanda ya riga ya wuce 100 yana iya sa wa ajinsa rana ta 120 ko ta 150.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a wayi gari ba tsinke ba dami a ce wa yara yau kwana 100. Za su yi tsalle su yi murna, amma lambar ba ta da nauyi a hannunsu, domin ba su ga yadda ta taru ba.

Wane irin kaya yara za su kawo?

Abin tsinta, guda 100: murafun gorar ruwa, 'ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino, tsakuwa, maɓallan tsofaffin riguna, guntayen karan dawa. Sharaɗin kawai shi ne a zo da su a ƙulle goma-goma, ƙulli 10, kuma yaron ne ya ƙirga. Ana gane aikin uwa daga ƙullin. Yana da kyau kayan su bambanta da girma, domin ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba yara mamaki shi ne ganin ƙwayar gero 100 ba ta rufe tafin hannu ba, alhali ƙwallon goruba 100 sai an nemo buhu, kuma duka sunansu ɗari.

Wake, masara, gurjiya da aya, ban da su a ajin 'yan nazare. Na taɓa raka yaro asibiti da ƙwayar wake a hanci, ranar da ya kamata a ce muna murna. Wake idan ya jiƙa kumbura yake yi, don haka idan hakan ta faru kada a tsokale shi da tsinke ko ashana, a kai yaron wurin ma'aikatan lafiya kai tsaye. Murfin lemo na ƙarfe yana da kaifin baki, na roba ya fi. Ashana mai kai da duk wani abu mai tsini su ma a bar su a gida. Kayan da aka tsinto a ƙasa a wanke su, yara kuma su wanke hannu kafin tara.

Ban da ɗaurin dami, me kuma ake yi ranar?

Wanda na fi so shi ne kasawa, irin ta masu tumatir a bakin kasuwa. Kowace ƙungiya ta zube ɗarinta a tabarma, a ce su kasa biyu daidai, sai huɗu, sai biyar, sai goma. Daga nan a ce su kasa uku. Za su yi ta fama, su sake, su zargi juna da ɓoye ɗaya, har wani ya gano cewa 33 ne kowane kashi kuma ɗaya ya yi saura ko ta yaya aka juya. Kada a yi saurin gaya musu.

A fili kuma sai taku 100. Kafin a fara, kowa ya faɗi inda yake jin za a tsaya: gindin darbejiya, bakin rijiya, ko ƙofar ofishin hedimasta. A taka ana ƙirgawa, duk taku 10 a ajiye dutse. Sai malami ma ya taka nasa 100, ya zarce su nesa, a tambaye su dalili. Daga nan maganar awo da mita ta shigo da kanta. Ana iya zana gida 100 a ƙasa da toka ko gawayi, layi 10 kowanne gida 10, irin allon wasan maciji da tsani da ke bayan ludo, yara su yi tsalle a kan 10, 20, 30 ko 5, 10, 15. Yara 10 su tsaya su ɗaga hannu, ga yatsu 100.

Idan hayaniya ta yi yawa, a ce kowa ya rufe ido ya yi shiru, ya ɗaga hannu in ya ji daƙiƙa 100 ta cika. Minti 1 ne da daƙiƙa 40, amma za ku ga hannuwa a sama tun ba a kai 30 ba. Cikin waɗannan a zaɓi 3 ko 4. Wanda ya ce sai ya yi duka, ƙarshenta shi da yaran ba wanda zai tuna ko ɗaya.

Ajina yara 90 ne, ba tebur ba kujeru. Zai yiwu?

Zai yiwu, har ma kun fi wasu kayan aiki, domin yaran su ne abin ƙirgar. A fita da su inuwa a jera su sahu-sahu, kowane sahu mutum 10. Sahu 9 ke nan. A tambaye su saura nawa, a aika ajin kusa a aro yara 10, ga ɗari tsaye da ƙafafunta. Kowane sahu ya zama ƙungiya, ɗari ɗaya na murafu ya ishe su, kowa ya kawo 10 maimakon 100. A roƙi malamin aji 5 ko 6 ya ba da ɗalibai 9 na awa biyu, kowanne ya zauna da ƙungiya ɗaya yana duba ƙirgarsu.

Lokacin nan sanyi ya fara ja da baya, rana ta soma zafi, don haka duk abin da za a yi a fili a gama shi kafin ƙarfe 10.

Da Hausa za a ƙirga ko da Turanci?

A fara da harshen da yaro ke ƙirga kuɗin aike da shi. Hausa tana da wata falala a nan: "goma sha ɗaya", "goma sha biyu", sunan da kansa yana faɗa maka dami ɗaya ne da tsinke kaza. A Turanci sunayen 11 da 12 ba su nuna goma a cikinsu ko kaɗan, 13 da 30 kuma ko 14 da 40 kusan sautinsu ɗaya a kunnen yaro. Yaran Nijar da ke koyo da Faransanci nasu ya fi wuya, domin a can 70 "sittin da goma" ake ce mata, 80 kuma "ashirin huɗu".

Inda Hausa ke da nata tuntuɓen shi ne gomomi. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk daga Larabci aka aro su, yaro ba ya jin "uku" a cikin talatin ko "takwas" a cikin tamanin, shi ya sa yake musanya su. Maganin yana cikin tsohuwar ƙirgar kakanni: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. A ranar dami mukan faɗi duka biyun, "gomiya bakwai, saba'in", sannan a bi da na Turanci. Haka kuma "ɗari ba ɗaya" da manya ke cewa a maimakon 99, ko "ashirin ba biyu" a maimakon 18, darasin ɗebewa ne a kyauta.

A kula da ƙirgar kuɗi, domin tana da nata tsarin. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, don haka sefa 100 "dala ashirin" ce, idan kuwa aka ce "ɗari" a kasuwa sefa 500 ake nufi. A Nijeriya jaka ɗaya naira 200 ce. Yaron da ke taya uwarsa sayar da ƙosai ya san wannan sarai, kuma idan ya ruɗe a aji ba daƙiƙanci ba ne, lissafi biyu ne a kansa. A ware masa su a fili: wannan ƙirgar kuɗi ce, wannan ta tsinke.

'Yan shekara 3 da 4 fa, ba su yi ƙanƙanta ba?

Sun yi ƙanƙanta da ƙirga 100, amma ba su yi ƙanƙanta da ganinta ba. Nasu aikin ya tsaya a 5 ko 10. Kowane yaro ya dafa hannu a kan kwali a zagaye masa da fensir, ya ƙirga yatsunsa 5. Hannu 20 sun ba da yatsu 100, a manna a bango. Kada a zaunar da su rubuta 1 zuwa 100 a littafi. Hannunsu bai ƙware ba, kuka kawai za a samu. Batun ƙananan ƙwayoyi kuma a koma amsar kayan da ake kawowa.

'Yan aji 2 da 3 sun wuce nan. Me za a ba su?

A ba su murafu 100 a ce su jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, ba saura. Hanyoyi nawa ne? Za su samu layi 2 na 50, 4 na 25, 5 na 20, 10 na 10, da dogon layi guda na 100, kuma ɗaya ce kaɗai tsawonta da faɗinta suka zo daidai. Masu kaifin kai a sa su gina wannan murabba'in daga kusurwa: murfi 1, a kewaye gefe biyu da 3, sai 5, sai 7. Duk ƙarin da aka yi murabba'i ne ke fitowa, 4, 9, 16, kuma idan aka kai ƙarin 19 an cinye 100 cif.

Sai lissafin kasuwa. Kiret ɗin ƙwai 30 yake ɗauka, ƙwai 100 kiret nawa ne, nawa za su rage? Ta hanya nawa mai shago zai iya ba da canjin naira 100 da takardun 50, 20, 10 da 5? Wannan ta ƙarshe takan cinye darasi guda ba su gama gardama ba.

Na ga hotunan yara sanye da kayan tsofaffi, da sanda da furfura. Dole ne?

A Amurka haka suke yi, yaro ya yi shigar ɗan shekara 100. Ba dole ba ne, kuma ba ya ƙara ko ɗaya a lissafi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda a tashe yara kan manna gemun auduga su dogara sanda, ga kuma wasan da ke tsakanin jika da kaka. Sai dai ni na fi ganin amfanin a gayyato tsohuwa ta gaske daga unguwa, a shimfiɗa mata tabarma, yara su gaishe ta, su tambaye ta abin da naira 100 ke saye lokacin da take amarya, ta kuma ƙirga musu da gomiya. Wadda ta zo mana wata shekara sai da aka buga ƙararrawar tashi sau biyu kafin yara suka sake ta.

Idan ranar ta faɗo cikin azumi fa? Wasu iyayen kuma suna cewa kwaikwayon Turawa ne.

Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana kamawa daidai wannan lokaci. A 2025 an fara azumi a farkon Maris, jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi kuma suka ba da hutun makarantu na watan. Inda aka rufe, ƙirga ta tsaya, a ɗora bayan salla daga inda aka kwana. Inda ake zuwa, a yi ɗaurin dami a ranarsa, a rage guje-guje, a bar rabon ciye-ciye.

Su kuma iyayen da ke da shakka, a yi musu bayani da mutunci. Ba ibada ba ce, ba ta da alaƙa da wani addini ko ranar haihuwar wani, dabarar koyarwa ce kamar allo da alli. Idan kalmar biki ce ta tsaya musu a rai, a kira ta "ranar ƙirga". Wani uba da ya zo da faɗa, na ce masa, "Alhaji, bismilla, shigo ka gani." Ya tsaya a bakin taga yana kallon ɗansa na kasa tsakuwa kashi uku, ƙarshe shi ne ya kasa haƙuri ya faɗa musu amsar.

Nawa za a kashe? Za a karɓi kuɗi wurin iyaye?

Tsintsiya ɗaya, zare, gwangwani 3, kwalin da aka roƙo a shago. Ko sisi kada a karɓa. Da zarar an ce a kawo kuɗin riga mai tambari ko na kek, an raba ajin gida biyu, kuma yaran da suka fi buƙatar darasin su ne za a tsare a gida ranar. Idan makaranta ko wani mai hali ya so ya yi alheri, biskit ko dabino 100 a faranti ya isa, yara su lissafa da kansu nawa kowa zai samu kafin a raba.

Mu iyaye, me za mu yi a gida?

Ku bar yaro ya tara ɗarinsa da kansa, goma yau goma gobe, tun saura kwana 10. Idan ya yi kuskure kada ku karɓe, ku ce ya sake ƙirgawa yana matsar da kowane ɗaya gefe. Uwar da ba ta yi boko ba ba ta da abin jin nauyi a nan: wadda ke ƙirga ƙullin daddawa, ta san kwanon tuwo nawa za ta zuba, ta riƙe lissafin adashe a ka, ta fi ƙarfin wannan aiki. Ku sa shi ya ƙirgo cokula, takalman da ke bakin ƙofa, awakin da suka shigo da yamma. Kullum ya dawo ku tambaye shi, "Yau kwana nawa? Dami nawa, tsinke nawa?"

Ta yaya zan gane sun koya, kuma me za a yi daga rana ta 101?

Ba sai an yi jarrabawa ba. A makon da ya biyo baya, ku kira su ɗaya-ɗaya yayin da sauran ke aiki, ku ajiye damuna da tsinkaye a gabansu ku ce, "Ba ni 52." Wanda ya ɗauki dami 5 da tsinke 2 ya gane. Wanda ya fara zaro tsinke ɗaya-ɗaya daga cikin dami yana ƙirgawa daga farko, shi ma yana kan hanya, amma bai yarda dami goma ne ba tukuna, yana buƙatar ya ƙara ɗaurewa da kwancewa da hannunsa. Wanda bakinsa ke riga yatsansa, irin yarinyar da na ba da labarinta a sama, a koma da shi ƙasa da 10.

Gwangwanayen kuma kada a kwashe su. Washegari a jefa tsinke kamar kullum, a ce wani ya fito ya rubuta ɗari da ɗaya. Kusan duk shekara sai an samu wanda ya rubuta 1001, wato 100 sannan 1, yadda kunnensa ya ji. Kada a goge. A sa shi ya tsaya gaban gwangwanayen ya faɗi abin da ke cikin kowanne daga hagu: babban dami ɗaya, na tsakiya ba komai, tsinke ɗaya. Sai a miƙa masa alli ya sake rubutawa a ƙarƙashin ta farko.